Ni da Babban

A shekarun da ake ɗibar samari zuwa yaƙin Bama, wayar tangarahu ta gwamnati ta bi gefen hanyar motar da ta ratsa Kankiya. Ta jan ƙarfe ce, kuma kowa ya san jan ƙarfe yana yin mundaye masu kyau. Wata safiya cikin bazara aka tarar an yanke ta tsakanin sanduna an tafi da ita. Bature ya aiko daga birni cewa wayar ta yaƙi ce, kuma yana so kafin ya zo rangadi a ce masa an gama da maganar.

Kamun farko bai yi wuya ba. An sami guntun wayar a wurin wani maƙerin fari, maƙerin ya ce Jaji na ƙauyen Ƙofa ne ya kawo masa. Jaji dattijo ne mai tufkar igiya, gwiwoyinsa sun daɗe da mutuwa, ko jaki sai an ɗora shi. Saboda haka kowa ya san ba shi ya hau sandar waya ba. Akwai na biyu.

Aka ba wani ɗan doka mai suna Ɗanmaliki aikin fito da na biyun. Ya shiga da tsohon wani ɗaki a bayan zauren shari'a, ya rufe ƙofa. Na waje sun ji bulala, sun ji kuka, amma ba wanda ya ji magana. Da Ɗanmaliki ya fito yana share zufa sai ya ce, "Ya amsa. Ya ce shi da Babba."

Washegari aka jefa Jaji a motar gyaɗa aka wuce da shi birni, domin waya kayan gwamnati ce, can za a yanke masa hukunci. Ɗanmaliki ya shiga kasuwa yana tambaya wane Babba ne ke hulɗa da Jaji. Aka ce masa akwai wani na ƙauyen Mawashi mai sayar da barkono, inuwa ɗaya suke zama ran kasuwa, kuma yana da jaki. Wannan ya ishe shi.

Babba sunansa na yanka Ayuba. Sunan kakansa aka sa masa, matan gidan ba su iya faɗin sunan surukinsu, sai suka riƙa ce masa Babba, sunan ya bi shi har ya yi furfura. A ƙasar nan da wuya ka ratsa unguwa ba ka sami mai irin wannan suna ba. Ɗanmaliki ya san haka sarai.

Ya same shi a gona yana sassabe, matarsa Kubura tana tara ƙirare a gefe.

"Kai ne Babba?"

"Haka ake ce mani."

"Ka san Jaji na Ƙofa?"

"Sarkin igiya? Na san shi. In igiya kake so kar ka saya wurinshi, tsinkewa take."

Ɗanmaliki ya zaro igiya daga aljihu ya ce, "Wannan ba ta tsinkewa. Miƙo hannu."

Ban ga amfanin faɗin sunan alƙalin da ya zauna a kan wannan shari'a ba. Ya mutu, kuma yana gaban wanda ba ya buƙatar a faɗa masa suna. Abin da ya kamata a sani shi ne ba jahili ba ne. Ya yi karatu wurin manya, yana karantar da fiƙihu a zaurensa bayan la'asar. Da bakinsa ya sha gaya wa ɗalibai cewa iƙrarin mutum kansa kaɗai yake ci, ba ya tsallakawa ya ci wani. Da bakinsa ya sha cewa ba a hukunci sai an kawo mai shaida gaban wanda ake ƙara, an tambaye shi ko yana da suka a kansa. Amma tun kafin a shigo da Babba ya riga ya aika wa Bature cewa an kama ɓarayin waya duka biyu.

Zauren ya cika. Aka durƙusar da Babba a kan rairayi, Ɗanmaliki ya tsaya a kansa ya maimaita abin da ya faɗa a baya: Jaji ya amsa, ya ce shi da Babba.

Alƙali ya ce, "Ka ji. Me za ka ce?"

"Allah shi gafarta malam, na ji Ɗanmaliki. Ban ji Jaji ba."

"Ɗanmaliki bakin Jaji ne a nan."

"Jaji yana da nashi bakin. Shekara da shekaru ina zaune kusa da shi, ban taɓa ganin ya rasa abin hwaɗi ba. A kawo shi ya dube ni ya ce ni ne."

"Jaji yana birni."

"Motar da ta kai shi ba ta dawowa?"

Wani daga baya ya yi dariya, 'yan doka suka juya, dariyar ta mutu.

Alƙali ya gyara rawani ya ce, "Kana da jaki?"

"Ina da shi. Limaminmu ma yana da shi."

"An ga sawun jaki a gindin sandar waya."

"To a tambayi jakin. Shi ma in za a yi mashi adalci sai an kawo shi nan."

"Kai, nan ba kasuwa ba ce."

Babba ya sauke murya. "Allah shi gafarta malam, ban yi don raini ba. Tsoro nike ji. Ban taɓa wayar nan ba. Mutumin da ya amsa cewa shi ɓarawo ne, ya yi magana a ɗaki ruhe, bulala na kanshi, shi ke nan sai a ɗaure ni da ita? Maganar ɓarawo ta zama shaida? Ko da gaskiya ya ambace ni, ina so in tambaye shi abu ɗaya: wace rana, ta ina muka bi, mi na sa a jikina. In ya iya amsawa yana kallon idona, a yanke mani hannu."

"Ba a yanke hannu yanzu. Turawa sun hana."

"To a ba ni Alƙur'ani in rantse."

Alƙali bai miƙo masa ba. Waɗanda ke kusa sun ce ya ɗan dubi littafin da ke gefensa, sannan ya dubi ƙofa, wajen hanyar da Bature zai biyo. Dawo da Jaji yana nufin a rubuta wa Bature a ce maganar da aka ce ta ƙare ba ta ƙare ba. Wannan shi ne duk abin da ke kan ɗaya gefen ma'aunin: kunyar tsoho mai rawani a gaban matashin Bature wanda ko gemu bai tsayar ba. A ɗaya gefen kuma akwai mutum, da matarsa, da gonarsa da ba a gama sharewa ba.

Alƙali ya ce, "Abokin laifinka ya ambace ka, ma'aikacin hukuma ya ji da kunnensa. Shekara biyu."

Kubura ta taso daga wajen mata tana cewa maigidanta bai bar gida ba duk makon da ake magana, yana fama da kurkunu a ƙafa, ga tabon nan a duba. Ba wanda ya duba. Aka ce mata shaidar mata ga mijinta ba ta karɓuwa. Wannan ƙa'idar alƙali ya tuna da ita.

Babba bai yi kuka ba. Har aka fitar da shi abu ɗaya yake maimaitawa: "A kawo shi ya dube ni."

A gidan yari na birni ana haɗa fursunoni biyu-biyu a sarƙa ɗaya, ƙafa da ƙafa, in za a fita aiki. Sajen gandirobobi, wani ƙato mai suna Kabo, ya ga an ce waɗannan biyun laifinsu ɗaya, sai ya ce ai abokan sana'a ba a raba su. Haka hukumar da ta ce ba ta da halin haɗa Babba da Jaji a gaban alƙali ta haɗa su da ƙarfe, ta buga ƙusa.

Babba ya dubi tsohon. Ya rame, haƙoransa na gaba sun tafi, leɓensa na ƙasa ya warke a karkace.

"Sarkin igiya, ga ni."

Jaji yana kallon ƙasa.

"Ka ce kai da ni. To ga ni, an kawo maka. Ɗago ka hwaɗa mani."

Jaji bai ɗago ba ran nan, bai ɗago ba washegari. Tare suke tafiya ramin marmara, tare suke ɗaukar kwando, in ɗaya zai zaga sai ɗayan ya tsuguna kusa ya juya baya. Gwiwoyin tsohon ba sa sauri, duk bulalar da aka kawo masa rabi a jikin Babba take sauka. Damina ta sauka suna nan. Babba ya ji ƙamshin ruwan farko a bakin ramin, ya san a Mawashi kowa ya fita shuka, ya ja sarƙar da ƙarfi har tsohon ya faɗi.

"Mi na yi maka? Barkonona ka ci kyauta, jakina ka ara. Mi na yi maka, Jaji?"

Tsohon yana kwance a cikin jar ƙasa ya ce, "Ban ambace ka ba."

"Ƙarya kake."

"Wallahi ban ambace ka ba, na Mawashi. Ya ce kai da wa, kai da wa, yana bugu. Na riƙe har na kasa. Sai na ce ni da babban."

"To?"

"Babban. Babban nawa. Na gidana."

Babba ya tsaya da kwando a hannu. Ya san gidan Jaji. Ya san Lawal, ɗansa na fari, dogo mai hawan giginya, wanda aka sa ranar aurensa bayan kaka. Ya kuma san abin da kowane Bahaushe ya sani, cewa uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Sai dai ya ce yaron nan, ko wancan, ko babban. A duk zamansu na kasuwa bai taɓa jin kalmar Lawal ta fito daga bakin Jaji ba. Ko a ƙarƙashin bulala kunyar ba ta sake shi ba. Bakinsa a kumbure, haƙora a zube, ƙarshen kalmar ya maƙale, Ɗanmaliki ya ji abin da ya fi masa sauƙi.

"Da ya fita yana cewa Babba, Babba, ka ji shi?"

"Na ji."

"Ba ka gyara mashi ba."

"Ban gyara ba." Jaji ya share ƙasa daga fuskarsa. "Na ce a raina masu sunan nan sun yi yawa, za su nema su gaji. Ban san kai za su ɗauko ba. Mundaye yake so ya kai ma yarinyar da zai aura, ba ni da abin ba shi."

"Da sun kawo ka gaban alƙali, sun nuna ni, sun ce wannan ne?"

Sai a nan tsohon ya ɗago ya dube shi, karo na farko. "Da ban iya ba. Daga nesa mutum yana iya yin shiru. Kana gabana da ban iya ba."

Babba ya aje kwandon. "Tashi."

Ya kusan jan tsohon a ƙasa har gindin maƙarfon da Saje Kabo ke zaune yana cin goro. Sarƙar tana ƙara, sauran fursunoni suka tsaya kallo.

"Ranka ya daɗe, mutumin nan yana da magana."

Jaji ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, wannan ba shi ba ne. Bai san komi ba. Ni da yarona muka yi."

"Wane yaro?"

"Babban."

"Ga Babban nan kusa da kai."

"A'a, na cikina. Na farin."

"Ba shi da suna?"

Bakin Jaji ya yi motsi, ba abin da ya fito. Ko kunya ce, ko tsoron abin da za a yi wa yaron, shi kansa ina jin bai iya rabewa ba.

Babba ya ce, "Lawal sunanshi. Yana Ƙofa. Kowa ya san shi da hawa. A aika a tambaya."

Kabo ya tofar da tuƙar goro ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ku biyu kun kwana kan tabarma ɗaya kun ƙulla wannan. Kai tsoho, mene ne kai?"

"Fursuna."

"Kafin nan."

"Ɓarawo, ranka ya daɗe."

"To tun yaushe maganar ɓarawo ta zama shaida?"

Babba ya ce, "Da maganarshi aka ɗaure ni."

"Wannan a kotu ne. Nan gidan yari ne."

"Bakin ɗaya ne, ranka ya daɗe. Ran da ya yi magana ba na wurin, aka ce ta isa. Yau ya yi ina tsaye, ana ji, ba bulala, sai a ce ba ta isa ba?"

"Kai ma ɓarawo ne, alƙali ya faɗa. Ɓarawo biyu ba sa zama mutum ɗaya mai gaskiya. Ku koma rami."

Babba bai koma ba, sai da aka mayar da shi. An yi masa bulala ran nan saboda taurin kai, an yi wa Jaji saboda ƙarya. Da Bature ya zo duba gidan yari aka jera su, aka ce mai kuka ya ɗaga hannu. Babba ya ɗaga. Tafinta ya saurare shi har ƙarshe, ya juya ya yi wa Bature magana gajera, Bature ya gyaɗa kai ya wuce. Daga baya wani fursuna da ya taɓa aikin kuku ya gaya masa abin da tafintan ya ce: wannan yana cewa bai yi ba, kamar sauran.

Jaji bai ga ƙarshen wa'adinsa ba. Atuni ya kama shi a damina ta biyu. Babba ne ya riƙa ɗaga shi, yana wanke shi, ba don ya yafe masa ba, sai don ƙafarsu ɗaya. Ran da ya cika sai da aka nemo maƙeri ya cire ƙusar, Babba yana zaune kusa da gawar tun hantsi har azahar.

Babba ya fito cikin rani. Bai nufi Mawashi ba, ya fara biyawa ta Ƙofa. Ya sami Lawal a ƙofar gida yana tufkar igiya a inda ubansa ke zama. Wata yarinya mai goyo ta fito da ruwa a ƙwarya, mundaye ja suna ƙara a hannunta. Babba ya karɓi ruwan ya aje bai sha ba.

"Ka gane ni?"

"Na gane ka, baba. Sannu da zuwa." Idon Lawal yana kan igiyar.

"Ubanka ya mutu ƙafarshi ɗaure da tawa. Har ya mutu bai kira sunanka ba. Ni na kira, ba a ji ba."

"Allah shi jiƙan shi."

"Amin. Ɗago ka dube ni."

"Baba, ka yi haƙuri."

"Haƙuri na yi shi, da sarƙa. Ba shi ya kawo ni ba. Ba zan kai ka gun hukuma ba, na ga hukuma. Ran Juma'a in an sauko, ka zo Mawashi ka tsaya a ƙofar masallaci, ina tsaye, ka gaya ma mutane wanda ya hau sandar nan. Shi ke nan abin da nike bi."

Lawal ya ce to. Bai ɗago ba.

A Mawashi Babba ya tarar jakin an sayar, gonar rabinta ta koma saura, Kubura ta tsufa. Yara suna binsa daga nesa suna cewa ga Babban Waya. Manya ba sa faɗa a gabansa, amma da ya shiga sahu sai na kusa da shi ya gyara aljihu.

Ran Juma'a ya sa rigarsa ta kirki. Da aka sallame ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce jama'a su dakata, akwai mai zuwa da magana. Mutane suka tsaya, wasu don tausayi, wasu don kallo. Rana ta yi zafi. Wani mai tallan gishiri da ya biyo ta Ƙofa ya ce ai Lawal ya kwashe iyalinsa tun shekaranjiya, an ce ƙasar Faransi ya nufa, wajen Maraɗi.

Liman ya dafa kafaɗar Babba ya ce a bar wa Allah. Jama'a suka fara neman takalmansu.

Mutane suna son su ce laifin Jaji ne, ko na ɗansa, domin su talakawa ne kuma zaginsu ba shi da tsada. Tsoho ya ɓoye ɗansa, yaro ya gudu, duka sun yi laifi kuma za su amsa. Amma an ajiye alƙali a kan buzu ne saboda an san mutane suna haka. Abu ɗaya aka roƙe shi, a kawo mai magana gaban wanda ake magana a kansa, kuma ya san haƙƙi ne, yana karantar da shi. Bayan wannan shari'a an ƙara masa girma, ya je Makka, ya dawo ya ci gaba da karatun la'asar.

Babba ya tsaya a ƙofar masallacin har wurin ya zama ba kowa, yana kallon hanyar Ƙofa. Kubura ce ta zo ta tsaya nesa kaɗan, da yake mata ba sa matsowa nan, ta ce, "Malam, abinci ya huce."

Ya ce, "Ki je, ina zuwa. Wataƙila ya makara ne."